Yadda Ake Shawo Kan Kangararrun Fi'ilan Ingilishi

Duk wanda ya zauna a ajin kwaleji a Yamai ya san takardar nan. Tana can ƙarshen littafin Ingilishi, ko kuma malami ya sa a buga ta a raba wa aji. Layi uku ne daga sama har ƙasa, an jera su bisa haruffa, a fara da arise, awake, be, bear, beat, a yi ta gangarawa har a dire kan write. A makaranta verbes irréguliers ake ce musu. Da Hausa fi'ilai ne marasa bin ƙa'ida, ko a taƙaice kangararru, domin sun ƙi karɓar -ed ɗin da sauran fi'ilai ke ɗauka idan za a faɗi abin da ya wuce. Tun ajin farko na kwaleji ake fara Ingilishi a Nijar, a yi shekara 4 kafin BEPC, a ƙara 3 kafin Bak. Shekara 7 ke nan takardar tana biye da ɗalibi. Duk da haka sai ka ga wanda ya ci Bak, ya ƙetare gadar Kennedy ya shiga Jami'ar Abdou Moumouni, yana rera go, went, gone ba tuntuɓe, amma in ka tambaye shi ina ya je jiya sai ya ce "I go to Katako".

Ba ƙarancin basira ba ne. Yaron da ya iya Zabarmanci da Hausa tun yana ƙarami, ya zo ya ɗora Faransanci a kai, ba za a ce ba shi da kan harshe ba. Matsalar tana ga tsarin takardar da kuma yadda ake haddarta. Kuma batun ya wuce na cin jarrabawa yanzu. Tun watan Maris na 2025, kundin da ke jagorantar ƙasar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci su zama harsunan aiki. Tun kafin wannan ma ƴan kasuwar Babbar Kasuwa da Katako da Wadata da ke saro kaya a Legas, Akkara, Dubai ko Guangzhou sun daɗe da sanin amfaninsa. A cinikin ƙetare, tsakanin "I send the money" da "I sent the money" harafi ɗaya ne, amma ɗaya na cewa kuɗin sun riga sun tafi, ɗayan bai ce haka ba.

Fara da sanin girman aikin, don kada ka tsorata a banza. Kangararrun da ake amfani da su a Ingilishin yau ba su wuce kusan 200 ba, kuma a cikinsu akwai waɗanda sai ka yi shekara ba ka ci karo da su ba. Wanda ya riƙe 70 zuwa 80 da kyau ya isa ya yi hira, ya rubuta wasiƙa, ya zauna jarrabawa. Abin lura shi ne, fi'ilai 10 da suka fi yawo a bakin masu harshen duk kangararru ne: be, have, do, say, make, go, take, come, see, get. Akwai dalili. A 2007 wasu masana na Jami'ar Harvard, cikinsu har da Erez Lieberman da Jean-Baptiste Michel, sun wallafa bincike a mujallar Nature. Sun bi sawun fi'ilai 177 da ba sa bin ƙa'ida a tsohon Ingilishi, suka ga 145 ne suka kai zamanin tsakiya a haka, yau kuma saura 98. Waɗanda ba a cika faɗa ba su ne suka sallama suka karɓi -ed. A da can, shuɗaɗɗen help holp ne, yanzu helped. Waɗanda ake faɗa safe da yamma kuwa yawan faɗar ne ya tsare su. To ka ga jerin haruffa bai yi maka adalci ba, tunda ya sa ka ɓata ƙarfinka na makon farko kan arise da awake, alhali take da think suna can ƙasa, inda ake isa a gajiye, in ma an isa.

Saboda haka aikin farko shi ne ka ɗauki biro ka sake wa takardar tsari. Yi alama a kan goman nan, ka ƙara musu know, think, give, find, tell, leave, feel, put, bring, begin, keep, buy. Waɗannan 22 su ne aikinka na mako biyu na farko, kuma kada ka taɓa wani sai sun zauna. Cikinsu akwai ƴan kaɗan da ba su da dangi, dole a haddace su su kaɗai: be da was, were, been, go da went, gone, do da did, done, see da saw, seen. Went ma asalinsa daga wani fi'ili dabam ne, wend, shi ya sa bai yi kama da go ba ko kaɗan. Wanda ya sha fama da aller, ya san je vais da j'irai da allé duk na gida ɗaya ne, wannan ba zai ba shi mamaki ba. Hasali ma ɗan Yamai ya riga ya hau dutsen da ya fi wannan tsawo, domin fi'ili ɗaya na Faransanci a littafin Bescherelle shafi guda yake cinyewa, na Ingilishi kuwa siga uku kawai yake nema.

Sauran kuma a dangi-dangi ake kama su, da kunne. Mai jin Hausa ya saba da wannan aiki ko bai sani ba. Ba wanda ya ba mu takarda ya ce mu haddace cewa jam'in gida gidaje ne, na jirgi jirage, na doki dawaki, na mace mata. Ji muka yi ta yi har kunne ya gane cewa birni da birane tafiyarsu ɗaya da jirgi da jirage. Muna kuma cewa ya sayi goro, ya saye shi, abin da ya saya, wasali na sauyawa ba mu ko lura. Kangararrun Ingilishi haka suke, yawancinsu wasalin ciki ne ke juyawa, kuma juyawar tana da ƴan hanyoyi ƙididdigaggu.

Dangi mafi sauƙi su ne waɗanda ba sa motsi sam: put, cut, shut, hit, let, set, cost, hurt, split, spread. Sigoginsu uku iri ɗaya ne, kuma in ka duba duk da t ko d suke ƙarewa. Haɗarinsu ɗaya ne, hannu ya yi kaikayi ya ƙara musu -ed. Rigar da ka saya jika biyar "it cost five thousand francs" za ka ce, ko da bara ka saye ta. Maƙwabtansu su ne masu mayar da d zuwa t: send, sent, spend, spent, lend, lent, build, built, bend, bent. Yini ɗaya ya ishe su.

Sai babban gida, inda dogon wasali ke gajarcewa: keep, kept, sleep, slept, sweep, swept, feel, felt, leave, left, mean, meant, meet, met, feed, fed, lead, led. A nan siga ta biyu da ta uku ɗaya ce, saboda haka abu biyu kawai kake riƙewa. Read ma ɗan wannan gida ne, sai dai ya ɓoye sauyinsa, rubutun bai canja ba amma lafazin shuɗaɗɗen "red" ne, daidai da kalmar ja. Sell, sold da tell, told ƴan biyu ne. Haka find, found da grind, ground da bind, bound.

Bakwai ɗin da suka fi ba ɗalibai ciwon kai a rubutu su ne buy, bring, think, fight, seek, teach, catch. Duk amonsu ɗaya a ƙarshe, ba a furta gh ɗin, amma biyar ana rubuta su da ought, biyu da aught. Ga dabarar da ba ta ƙarya: wanda ke da harafin a a sigarsa ta farko shi ke ɗaukar aught. Teach da catch ne kaɗai ke da shi, don haka taught da caught. Sauran bought, brought, thought, fought, sought. Ka kula da r ɗin da ke raba brought da bought, ɗaya kawowa ne ɗaya saye, kuma malamai na son gwada ɗalibai da su.

Daga nan sai masu siga uku mabambanta, waɗanda su ne suka fi daɗin rerawa. Akwai masu tafiya i, a, u: begin, began, begun, drink, drank, drunk, sing, sang, sung, ring, rang, rung, swim, swam, swum. Akwai know, knew, known, da ƴan'uwansa grow, throw, blow, ga fly, flew, flown da draw, drew, drawn sun raɓe su. Show yana kama da su amma showed, shown yake yi, kada ya yaudare ka. Akwai speak, spoke, spoken, tare da break, steal, choose, freeze, wake. Akwai write, wrote, written, tare da drive, ride, rise, inda wasalin siga ta uku ke gajarcewa, shi ya sa t ke ninkuwa a written, d a ridden. Take, took, taken yana tare da shake. Wear, wore, worn yana tare da tear da swear. Come, came, come da run, ran, run kuwa komawa suke inda suka fito. Ka kuma san cewa fi'ilin da aka yi wa ɗafi a gaba uwarsa yake bi: wanda ya san stand, stood ya san understand, wanda ya san give ya san forgive, wanda ya san come ya san become da overcome. Ka ga an rage maka kaya ba tare da ka ɗaga komai ba.

To amma haddar layi uku ba ita ce iya harshe ba, kuma a nan ne akasarin ɗalibanmu ke tsayawa. Wanda ya haddace su a jere, in yana neman siga ta uku dole ya faro daga ta farko a zuci, kafin ya iso hira ta wuce. Maganin shi ne kada ka taɓa faɗin siga tsirara. Kowace ka ba ta jumlarta, da kalmar lokaci a jikinta, kuma jumlar ta zama ta rayuwarka: "I take a taxi every day. I took a taxi yesterday. I have already taken a taxi." Every day, yesterday, already. Waɗannan ukun su zama turakun da kake ɗaure kowane sabon fi'ili, a bayyane, da murya, ba a zuci ba.

Yanzu ga inda Faransanci ke yi wa ɗan Nijar shigo-shigo ba zurfi, kuma in ka gyara nan ka gyara rabin kurakuranka. A Faransancin baka, passé composé ne ke ɗaukar duk labarin jiya: j'ai vu, j'ai mangé. Passé simple kuwa na littafi ne, ba mai yin sa a hira. Sai ɗalibi ya ga I have seen ya yi kama da j'ai vu, ya ɗauka abu ɗaya ne, ya ce "I have seen him yesterday". Kuskure ne. A Ingilishi siga ta biyu ita ce ta hirar yau da kullum. Muddin ka ambaci lokacin da ya riga ya rufe, yesterday, last week, two days ago, in 2020, to ita za ka ɗauka: "I saw him yesterday." Have da siga ta uku kuwa na abin da bai yanke da yanzu ba ne, ko wanda ba a damu da ranar faruwarsa ba.

A ganina a wannan gaɓa gara ka yi tunani da Hausa ka bar Faransanci ya huta, domin Hausa ta fi kusa. Duk inda za ka ce "taɓa" ko "riga" ko "har yanzu ban", to wurin have ne. Ka taɓa zuwa Kano? "Have you ever been to Kano?" Na riga na ci, "I have already eaten." Har yanzu bai biya ba, "He hasn't paid yet." In kuwa za ka ce jiya, shekaranjiya, bara, ran Juma'ar da ta wuce, to siga ta biyu ce. Hausa na kuma warware maka gone da been. "He has gone to Maradi" ya tafi Maraɗi ke nan, yana can ko yana hanya. "He has been to Maradi" ya taɓa zuwa, ya dawo. Sannan ka manta da je suis venu da je suis parti, Ingilishin yau have yake sa wa duka: I have come, I have left.

Ƙa'idoji biyu suka rage, kuma gajeru ne. Ta farko, idan did ko didn't ya shigo, shi ya ɗauki nauyin lokacin, fi'ili sai ya koma sigarsa ta farko: "Did you see him?" "I didn't see him." Amma in amsar i ce, "I saw him." Ta biyu, siga ta uku ba ta zama fi'ilin jumla ita kaɗai, sai da have, has, had, ko kuma wata sigar be idan abin a kan mutum aka yi shi: "My phone was stolen." "The letter was written in French." Waɗanda suka tsinci Ingilishinsu a tashoshi da kasuwannin Najeriya sukan zo da Pidgin, inda fi'ili ba ya sauyawa, "I don go" ya wadatar. Harshe ne mai zaman kansa kuma yana biyan buƙata a inda ake yin sa, amma ba shi ake tambaya a BEPC ba, ba kuma shi ake rubuta wa kamfani ba.

Saura yadda za a hana abin zubewa. Tun 1885 Bajamushen masani Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a sa'o'in farko da yinin farko take faruwa, kuma bita a kan kari tana rage ta. Malaman allo sun riga mu sanin haka, shi ya sa almajiri ba ya wanke allo ya wuce sai ya ci gaba da tishin na baya. Kayan aikinka ba sa buƙatar kuɗi. Nemi kwalin sukari ko na shayi, ka yayyanka shi ƙanana, kamar faɗin tafin hannun yaro. A fuska ɗaya kada ka rubuta buy. Rubuta jumla da Hausa: "Jiya na sayi shinkafa a Wadata." A bayan ka rubuta: "Yesterday I bought rice at Wadata", ƙasa da ita buy, bought, bought da ƙananan haruffa. Dalili shi ne, a hira daga ma'ana kake tashi ka nemo kalma, don haka ta wannan fuskar ya kamata ka horar da kanka.

Sai gwangwani uku. Sabon kati na shiga na farko, wanda kake dubawa kullum. In ka amsa daidai kafin ka juya shi, ya koma na biyu, wanda ake buɗewa bayan kwana uku. In ya sake tsallakewa, sai na uku, na ranar Lahadi. Duk katin da ka yi kuskure a kansa, ko daga ina yake, ya dawo na farko. Wani ɗan jaridar Jamus, Sebastian Leitner, shi ya yaɗa wannan tsari a 1972, kuma manhajar waya irin Anki a kan irin wannan tunani aka gina ta. Mai waya da wuta ya yi amfani da ita, amma kwali ba ya neman caji. Sharaɗin kawai shi ne ka faɗi amsa da bakinka kafin ka leƙa. Karanta takarda sau goma yana sa ka ji kamar ka iya. Rufe ta ka ƙwaƙulo amsar daga kanka shi ke sa ka iya da gaske. Sababbin fi'ilai biyar a rana sun isa, minti 15 bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga, musamman a Afrilu da Mayu da zafin Yamai ke hana kai aiki da tsakar rana.

In kana da fada, ka mai da ita aji na ɗan lokaci. Kafin shayin farko ya nuna, ɗaya ya yi tambaya da did, na kusa da shi ya amsa da cikakkiyar jumla, shi ma ya jefa wa na gaba. "What did you eat?" "I ate dambu." "Who did you meet?" "How much did you spend?" Wanda ya ce eated ko ya yi shiru ya wanke kofuna. Ƴan mata ma na iya yin haka a gida ko a hanyar makaranta, mutum biyu sun isa. Da dare kuma, kafin barci, rubuta layi biyar kan yininka: I woke up, I went, I saw, I bought, I forgot. Labarin yini dole da siga ta biyu ake ba da shi, kuma fi'ilan da za ka nema su ne ainihin waɗanda rayuwarka ke buƙata. Masu kallon gasar Premier ta Ingila su gwada sauraron sharhin Ingilishi ko da rabin wasa ne, za su ji won, lost, beaten, taken, given, sent off suna ta zuba.

Kunne na da muhimmanci saboda rubutun Ingilishi ba abin dogaro ba ne, kuma wanda ya saba karatun Faransanci yakan furta abin da ya gani. Said "sed" ake cewa, ba ya tafiya da paid ko da yake sun yi kama a takarda. Meant "ment" ne. Ba a furta k a knew da known, ba a furta w a wrote da written. Won da one amonsu ɗaya, haka knew da new. Thought da taught kuwa harshe tsakanin haƙora ne ke raba su. Ƙamusun Oxford da Cambridge na intanet suna da maɓallin da ke furta kowace kalma, ka saurara tun ranar da ka rubuta katin, kafin lafazin kuskure ya zauna a bakinka.

Akwai wasu tagwaye da ya kamata ka ware musu kati na musamman, domin su ke cinye maki. Fall, fell, fallen faɗuwa ne, feel, felt ji ne. Leave, left bari ko tashi ne, live kuwa mai bin ƙa'ida ne, lived. Found na find samu ne, amma akwai wani found, founded mai nufin kafawa. Lie, lay, lain kwanciya ce, lay, laid, laid ajiyewa ko shimfiɗawa, lie, lied kuma ƙarya. Rise, rose, risen abu ne ya tashi da kansa, raise, raised wani ne ya ɗaga shi. Lend, lent kai ne ka bayar, borrow, borrowed kai ne ka karɓa, kuma mai Hausa na yawan haɗa su saboda aro ɗaya muke cewa. In ka ga learnt da learned, ko burnt da burned, ko got da gotten, kada ka rikice, na farko ya fi yawa a Ingila, na biyu a Amurka. Bi wanda malaminka ke bi, ka tsaya a kansa.

Ga malamai da iyayen da ke sa yara hadda a gida, roƙona ɗaya ne: a daina tambayar yaro layi uku a jere ana ba shi maki a kan haka kaɗai. A tambaye shi abin da ya ci da safe, wa ya gani a hanya, nawa ya kashe. Kai kuma ɗalibi, yau da dare ka yanka katinka goma na farko, ka fara da be, have, do, say da go, gobe da asuba ka buɗe gwangwani na ɗaya.